Male, Ɗakin Shirgin Aljannar Duniya

Idan mutum ya ce maka ya je Maldif, tambaye shi wacce. Akwai Maldif ta jikin kalanda: farin rairayi, ruwa garai-garai, bishiyar kwakwa guda ta sunkuyo, ɗakin katako a kan teku, babu ko mutum ɗaya. Akwai kuma Male, babban birnin ƙasar, inda aka jibge duk mutanen da aka share daga cikin hoton. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sirilanka, kuma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Amma ƙidayar 2022 ta iske mutum fiye da 200,000 a Male da 'yan tsibiran da ke ƙarƙashinta, wato wajen kashi 40 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Ainihin tsibirin kuwa tsawonsa kilomita 1.7 ne, faɗinsa kilomita 1. Mai ƙarfin ƙafa zai zagaye shi tsakanin la'asar da magariba, har ya tsaya ya sha shayi.

Duk gidan da ka ga falonsa fes ranar da baƙi suka zo, to akwai ɗakin da aka tura shirgi aka ja ƙofa. Male ce wannan ɗaki. Ma'aikatun gwamnati, majalisa, kotuna, bankuna, babban asibiti, jami'a, tashar jiragen kaya, duk nan aka cusa su, sauran tsibirai suka samu sararin yin kyau a hoto. Da yake kuma filin jirgin sama na Velana yana tsibirin Hulhule, 'yar tazara kaɗan daga gari, kusan duk baƙon ƙasar ta bakin ƙofar ɗakin yake wucewa. Yawancinsu ko leƙe ba sa yi. Waɗanda suka leƙa, da waɗanda suka tarar a ciki, su ne abin kallo.

Akwai wanda bai yi niyyar zuwa ba sam. Ya biya kuɗin otal a wani tsibiri mai nisa, inda sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ke kai mutum. To waɗannan jirage da hasken rana kaɗai suke tashi, shi kuwa jirginsa da yamma liƙis ya sauka, sai aka ce masa ya kwana a gari. Za ka gan shi da magariba yana jan akwati tsakanin babura, da malafa da gajeren wando mai furanni, fuska a murtuke. Duk wanda ya gamu da shi tambayarsa ɗaya ce: ina bakin tekun? Sai a nuna masa gabas. Ya je ya tarar da ɗan rairayin da aka shimfiɗa da hannu, domin na asali tuni gini da katangar siminti sun cinye shi. Mata na iyo da rigunansu da mayafai, yara na tsalle, wani dattijo na motsa gaɓoɓi a cikin ruwa. Ya ciro waya ya ɗaga, ya juya hagu bene, ya juya dama bene, ya mayar da ita aljihu. Wannan daren ba zai taɓa shiga labarin tafiyarsa ba.

Ɗan'uwansa shi ne mai neman kwalba. Tun a filin jirgi 'yan kwastan suka karɓe wadda ya sayo a hanya, domin dokar ƙasar ta hana shigo da giya da naman alade da gumakan bauta, har da karnuka. Giya sai a tsibiran otal-otal da jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido. A shagunan Male ko ɗigo babu. Shi dai bai yarda ba. A ganinsa kowane gari na da ƙofar baya, ba a dai saba da shi ba ne tukuna. Ya zauna a gidan abinci, ya yafito yaron da ke kai kwano, ya rage murya, ya kashe ido ɗaya: "Abokina, abin nan fa, mai sanyi." Yaro ya gyaɗa kai alamar ya gane sarai, ya tafi, ya dawo da ruwan kwakwa da ƙanƙara. Can dare ya yi wani mai tausayi zai raɗa masa cewa akwai otal guda mai lasisi a tsibirin filin jirgi. Haka zai biya tasi ya koma inda ya fito.

Sai ango da amarya, waɗanda yanzu har da namu a ciki, tunda bizar kwana 30 a filin jirgi ake bugawa kyauta, Dubai kuma ta daina zama abin ba da labari. Otal ɗinsu ya shirya musu yawon rabin yini a birni. Amarya ta fito da kayan da ta ware musamman don wannan fita, da takalmi mai tsini da bai taɓa jin labarin bulon da aka daɓe titunan Male da shi ba. Ango na biye, riƙe da jakarta, yana ɗaukar hoton da za a goge a sake. Masifar tana faruwa ne idan ƙafa ta gaji suka faɗa ɗaya daga cikin shagunan shayin da ake kira hotaa. A kawo baƙin shayi, a jera ƙananan faranti: ga gulha, ƙwallon ƙullu da aka cusa wa kifi da kwakwa aka soya, ga bajiya, ga masroshi. In da safe ne kuma ga mas huni, sassaɓen kifin tuna da gogaggiyar kwakwa da albasa da barkono, a haɗa da siririyar gurasarsu roshi. Su ci su ƙoshi. A kawo lissafi da rufiya, kuɗin ƙasar. Ango ya duba, ya juya shi dala a zuci, ya tuna abin da ya biya jiya a otal kan kwalbar ruwa ɗaya, sai ka ga ya yi tsit.

"Amarya, ashe da a nan muka kama ɗaki..."

"Wallahi ko da wasa. In ce wa ƙawayena me?"

Har su koma jirgin ruwa bai ƙara cewa uffan ba. Leɓensa dai na motsi, ba kuwa tasbihi yake yi ba.

Wanda ke jiran irin waɗannan a matsayar jiragen ruwa, kusa da dandalin Jumhooree mai ƙatuwar tuta da tantabaru, shi ne ɗan rakiya. Ya iya gaisuwa da Italiyanci da Rashanci da Jamusanci da Sinanci, kuma daga takalminka yake gane wadda zai jefo maka. Ba ya son ko sisi, in ji shi, burinsa kawai baƙi su san garinsu. Zai nuna maka Muliaage, fadar shugaban ƙasa, cikin minti biyu. Gidan tarihi cikin minti ɗaya, daga waje. Sannan duk lungun da ya bi da kai, ikon Allah, sai ya ɓulle titin Chaandhanee, daidai ƙofar shagon wani ɗan'uwansa. Ƙasar na da sana'o'in hannu na gaske, irin su kwanukan katako masu sheƙi na tsibirin Thulhaadhoo da tabarmin Gadhdhoo masu kyan saƙa, amma yawancin abin da ke kan kanta daga waje aka shigo da shi, an dai rubuta sunan Maldif a jiki. Ni ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya ba birni awa uku daga cikin hutun mako guda, tarihin minti biyu ya ishe shi.

Sarkin gari kuwa mai babur ne. Titunan Male an yanka su ne a zamanin da ƙafa da keke ne abin hawa, yanzu kuma babura ne jere gefe da gefe, kai da kai, ba masaka tsinke. Mai babur ba ya tafiya a ƙasa, wannan aƙida ce. Tsakanin gidansa da ofis tafiyar minti bakwai ce. Zai yi minti biyar yana zaro babur daga cikin 'yan'uwansa, minti huɗu a hanya, minti goma yana neman inda zai cusa shi, ya ƙarasa sauran da ƙafa, ya iso yana tausayin masu tafiya a ƙasa. Ba mugu ba ne. Zai zo ya gogi gwiwar hannunka ya wuce, fuskarsa ba fushi ba murmushi, domin tun yana yaro ya san ƙaramar tazara ma tazara ce. Da dare idan zafi ya sauka, sai ya ɗora matarsa a baya, yaro a gaba, su hau titin Boduthakurufaanu da ya kewaye tsibirin, su yi ta zagaye. Babu inda za su. Baƙo na yi musu dariya, amma wanda ya ga ɗakin da suka fito ya san wannan ce iskar da za su sha a ranar. Mai babur na da wa mai kuɗi, wanda ya sayi motar tsere a tsibirin da babban titinsa, Majeedhee, bai kai kilomita 2 ba. Shekara da shekaru motar ba ta san tana da giya ta uku ba, sai a 2018 da aka buɗe gadar Sinamale, wadda aka gina da kuɗin ƙasar Sin, ta haɗa Male da filin jirgi. Ranar ya fara jin ainihin kukan injinsa, na 'yan daƙiƙu.

A cikin wannan cunkoso ne za ka ga mai neman adireshi yana juyi. Gidajen Male suna ne da su maimakon lamba. Adireshi shi ne harafin unguwa, H na Henveiru, G na Galolhu, M na Maafannu, Ma na Machangolhi, sai sunan gidan, sai titi in an ga dama. Direban tasi ya haddace su. Shi kuwa wannan bawan Allah ba ya tambaya, yana da taswira a waya. In ɗan namu ne da ya yi makarantar allo, sai ya hango Thaana, rubutun ƙasar, a jikin bango, daga dama zuwa hagu, ga wasulla sama da ƙasa, ya gyara murya zai karanta. Haruffa tara na farko daga lambobin Larabci aka samo su, don haka abin da ya gani shi ne biyu da fataha, bakwai da kisira. Ya haɗiye muryar. Idan kuma ya gano shagon da yake nema, daidai lokacin ne aka ja ƙofa aka tafi salla.

Akwai irin da ya fi duk waɗannan daɗewa a garin: baƙon da ya zo gyaran gari. Kakansu sananne ne, Ibn Battuta mutumin Tanja, wanda ya iso wajen 1343. Da aka ga malami ne da ya yi alƙalanci a Delhi, sai aka naɗa shi alƙali. Musulunci a lokacin ya kusa shekara 200 a tsibiran, tun 1153 da sarkinsu ya bar addinin Buddha, amma a idon sabon alƙali aiki na nan jibge. Da bakinsa ya ba da labarin cewa ya sa a yi wa masu ƙin zuwa Juma'a bulala, kuma ya yi iya yinsa mata su riƙa rufe ƙirjinsu suka ƙi, in ban da wadda za ta shigo kotunsa. Cikin 'yan watanni ya auri mata huɗu, ya ɓata da waziri, ya tattara komatsansa ya yi Sirilanka. Jikokinsa na yau ba sa samun alƙalanci, balle mata huɗu, amma shawara sai wanda ya gani. Kwanansa biyu ya gama gano maganin komai: a hana babura, a faɗaɗa tituna, a dasa itatuwa. A ina? Wannan ba nasa ba ne, jirginsa gobe zai tashi.

Inda ya fi nuna hali shi ne Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 zamanin Sarki Ibrahim Iskandar. Wuri ne da ya kamata mutum ya yi shiru ya kalla: bangon tubalan dutsen murjani ne da aka sassaƙa aka sarƙe da juna, jikinsa duk zane, ciki katako ne mai ado da rubutun Larabci, a harabar kuma ga duwatsun kaburbura, masu tsinin kai na maza, masu zagayen kai na mata. Mai gyaran gari bai ga ko ɗaya ba. Ya ciro waya, ya buɗe kamfas, ya ɗaga kai cikin firgici: alƙiblar masallacin nan ta karkace! Gaskiya ne ginin yamma yake fuskanta, Makka kuwa arewa maso yamma take daga nan. Abin da bai duba ba shi ne ƙarƙashin ƙafarsa, inda aka shimfiɗa dardumar sahu a karkace tun kafin a haife shi.

Mai makokin ƙasa ya fi shi kirki, amma bai fi shi daɗin zama ba. Ya karanta cewa kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai mita 1 sama da teku ba, ya ga hoton Shugaba Mohamed Nasheed da ministocinsa suna taro a ƙarƙashin ruwa a 2009, sai ya taso daga wata nahiya, ya ƙona man jirgi na yini guda, don ya gan ta kafin ta nutse. Maganarsa da gaskiya a ciki. Ruwan teku ya mamaye Male a 1987, dalilin da ya sa aka kewaye ta da katanga da ƙattin siminti masu ƙafa huɗu da taimakon Japan, kuma su suka rage ɓarnar tsunamin 2004, duk da cewa ruwa ya shiga yawancin garin. Matsalarsa ita ce yana son mutanen Male su taya shi kuka. Ya kama hannun mai sayar da katin waya yana yi masa jaje, shi kuwa mai kati abin da ya hana shi barci ƙarshen wata ne.

Ƙarshen wata na mai gidan haya ne. Ɗan fili ya gada, wanda a zamanin kakansa gidan dutsen murjani ne da bishiya a tsakar gida. Yanzu siririn bene ne hawa takwas ko goma, kowane hawa da iyalinsa ko iyalansa. Shi ba ya karanta rahoton sauyin yanayi. In teku ta taso, hayar hawa na sama ce za ta tashi. Wasu irinsa ma sun bar garin, suna zaune a Kolombo ko Kuala Lumpur, haya na bin su can. Gwamnati ta fara zuba yashi a teku tun 1997 ta ƙera Hulhumale, sabon tsibiri mai tudun mita 2, aka fara tarewa a 2004. Shara ma tun 1992 aka ware mata nata tsibirin, Thilafushi. Duk da haka mai gidan haya bai taɓa neman mai haya ba, su ke nemansa.

Domin kullum jirgin ruwa na sauke baƙon tsibiri. Ya taso daga can kudu ko arewa don ganin likita a asibitin Indira Gandhi, ko ya kawo yarinya makaranta, ko takarda ɗaya ce ke buƙatar hatimi. Ya zo da tsarabar busasshen kifi da kwalbar rihaakuru, baƙin romon tuna mai kauri da ake dafawa har ya daskare, ya ce kwana uku zai yi. Mai masaukinsa, wanda shi da mata da 'ya'ya huɗu ɗaki biyu gare su, ya ce maraba, ya matsar da katifa. An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ba ta jin rana ta fito. Wata uku yana nan, yana ƙorafin zafi da hayaniya da tsadar kwakwa, abin da a garinsu tsinta ake yi, yana rantsuwar shi ba zai iya zaman Male ba, yana kuma cigiyar ɗaki a asirce.

Wanda ya ɗora bulon benen, ya ɗauko buhun daga jirgi, ya kawo shayin a hotaa, galibi ɗan Bangaladash ne. Shi ba abin dariya a lamarinsa, sai dai a lamarin masu kallonsa ba su gan shi ba. Ranar Juma'a da yamma, da yake hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, za ka iske su cike da dandalin Jumhooree da wankakkun riguna, kowa waya a kunne. Baƙo ya ɗauke su hoto ya rubuta a ƙasa: mutanen Maldif na hutawa.

Wannan mai kyamarar shi ne kuma ke zuwa kasuwar kifi a arewacin gari, lokacin da jiragen kamun kifi da ake kira dhoni ke dawowa. Tunar nan ɗaya bayan ɗaya aka kamo ta da sanda da ƙugiya, domin ƙasar ta hana kama ta da manyan taruna. Masu fawar kifi na tsaye, wuƙa ta bi sau kaɗan kifi ya rabu da ƙayarsa. Mai kyamara ya ga jini ya toshe hanci ya ja da baya, yana tausayin kifi. Da dare shi ne zai ce a ƙaro masa.

Na bar namu a ƙarshe, Alhaji ɗan kasuwa, wanda 'ya'yansa suka matsa masa ya je ya huta. Shi rairayi bai dame shi ba, ya ga wanda ya fi wannan yawa a hanyar Agadas. Tun da ya sauka yake tambayar nawa ake sauke kwantena, me ya sa albasa daga Indiya take zuwa, wa ke kawo musu shinkafa. Sai wani ya gaya masa cewa wuri, kuɗin da kakanninsa suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, asalinsa daga waɗannan tsibirai ake ɗebo shi. Ganyen kwakwa ake zubawa a ruwa, halittun su manne, a jawo a shanya, naman ya bushe, ɓawon ya zama kuɗi. Daga nan a kai Bengal a musanya da shinkafa. Wani ya bi ta Masar ya ratsa Sahara, daga baya kuma Turawan Holan da na Ingila suka riƙa lodin sa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda aka sayi bayi da shi. Ibn Battuta ya ga kasuwar ta kai biyu: a Maldif wuri 400,000 ne dinari ɗaya na zinariya, a Mali da Gawo kuwa 1,150. Da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, da wuri ya tarar ana saye da sayarwa.

Alhaji ya ji wannan lissafi, idonsa ya kawo ruwa, ba don tarihi ba, don ribar da ta wuce shi da shekara ɗari bakwai. Ya miƙe ya shiga shagon tsaraba. Ga wuri biyar an zura a zare, an liƙa farashi da dala. Ya juya su a tafin hannu, ya dubi mai shago.

"Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Wannan fa dubu ɗari huɗu ne a dinari."

Mai shago bai ji ko kalma ba, amma ya gane fuskar mai tayi. Ya ɗauko kalkuleta ya danna, ya juyo masa da ita. Alhaji ya karɓa ya goge, ya danna tasa, ya mayar. Suka yi ta yi har aka kira azahar, suka ja ƙofa, suka tafi masallaci tare, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Daga ƙarshe ya sayi zare biyu na jikoki. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ya nemi wani yaro mai jin Larabci ya tambayar masa, in sari ne, nawa za a bar masa keso.